Gwangwani Huɗu a Gidan Surukai

Ranar da zan je gaida iyayen Rahila a unguwar Lozells, a nan ƙasar Turawa, na taso daga garin Salford da giya gwangwani huɗu, 'yan ƙanana, irin ta ƙananan kamfanoni. Kuɗinsu ya kai na katan guda na giyar gama-gari, amma a jirgin ƙasa na yi ta yaba wa kaina: wayayye ɗanɗano yake saye, ba yawa ba.

Na manta cewa a wurinmu mutanen Filato, gaisuwar surukai ba ta mutum ɗaya ba ce. Na tarar da falo cike da kawunnai da dattawan coci. Maimakon in kama bakina, sai na tsuguna na fara bayani: "Baba, wannan craft beer ce, a hankali ake kurɓarta, tana da ƙamshin lemo."

Baban Rahila ya jujjuya gwangwani ɗaya, ya ce, "Madalla. Sauran suna mota?"

Ba ni da mota.

Baba bai yarda wani ya tashi bai ɗanɗana abin suruki ba. Aka kawo ƙananan kofuna, aka ɗiɗɗiga wa kowa, kamar yadda ake raba ruwan inabi a coci. Suka shanye a kurɓi ɗaya. Can wani kawu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Amin."

Giyar dai ta ci kuɗinta, har yau ina kan bakana. Sun kuma ba ni Rahila. Amma ga shi mun haihu, 'ya'ya sun fara tasawa, duk taron da na shiga sai Baba ya ɗaga murya: "Ku gyara zama, ga Fasto ya kawo Jibin Ubangiji."