Yadda Ɗakina Ya Zama Biyetnam

Jiya da hantsi na dawo daga sayen tamis, burodin nan mai faɗi da muke karya kumallo da shi, na tarar da layi a ƙofar ɗakina. Na ce a ba ni hanya. Wata hajiya mai ƙatuwar jakar hannu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, ka bi layi mana. Ai mu ma ramin muka zo gani."

Na bi layi. A rayuwata na kwana a layin mai a Kano, na wuni a layin mota a tashar Kudai ta Makka, amma layin shiga ɗakin da nake kwana sabon abu ne, kuma ina miƙa godiya ga shugabannin da suka ƙirƙiro shi.

Bari in koma baya, don wanda bai san gidanmu ba. Ina zaune a unguwar Utaibiyya a nan Makka, a wani tsohon bene da Hausawa suka cika. Ɗakina badrum ne, wato ƙarƙashin ƙasa: a sauka matattakala, a sunkuya, a yi bismilla, a shiga. Ni da matata Nuriyya muka kama shi da cewa na ɗan lokaci ne. Ita ta cika alkawari ta bar shi, ta tafi inda kowa zai je. Ni ina nan da littattafaina. Ni na saye su, amma ita ta yi musu sutura. Duk zanen da ya tsufa sai ta yanka ta ɗinke bangon littafi da shi, tana mita wai na fi tausayin takarda a kan mutum. Yanzu in na ɗauko tarihin Andalus, atamfar da ta ɗaura ranar da muka sauka Jidda na ɗauko. In na ɗauko ƙamus, zanen girkinta ne, har da tabon manja.

A tsakar gidan akwai magudana guda ɗaya, kuma ta toshe tun Nuriyya na da rai. Makka ba garin ruwan sama ba ne, amma garin wanki ne. Duk wanda ya wanke darduma a sama, ruwan zai sauko, ya leƙa magudana, ya ga babu hanya, sai ya tuna da ni. Kantar littattafai ta ƙasa ta riga ta tafi, da littattafanta da zannuwanta. Bana ruwan ya fara gaisawa da ta biyu.

Ba a bar mu haka ba shugabanci, Allah ya kiyaye. Muna da Kwamitin Walwalar Mazauna Gida, ƙarƙashin Mai Girma Shugaba, Garkuwan Magudanai, Inuwar Masu Haya. Yana da Ma'aji, kuma yana da Sakataren Harkokin Ƙetare, duk da cewa ƙetaren gidanmu shagon aski ne. Kowace shekara ana zaɓe. Akan yanka rago, a dafa shinkafa, a shimfiɗa leda a tsakar gida, Mai Girma ya rantse cewa bana magudana ta shiga uku. Ana tsakiyar ci sai Sakatare ya miƙe ya ce, "Wa ke son ƙarin nama?" Duk mu ɗaga hannu. Sai ya ce alhamdulillahi, an sake zaɓen kwamiti babu hamayya. Ni ma na ɗaga bara. Gwauro ba ya wasa da ƙarin nama.

Bayan zaɓen bana na tare Mai Girma a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, maganar magudana."

"Malam, kai mai karatu ne, bai kamata ka yi gaggawa irin ta jahilai ba. Matsalarka kashi biyu ce: zama a ƙarƙashin ƙasa, da zama kusa da ruwa. Mun bincika, ƙasa ɗaya ce a duniya ta ƙware a duka biyun."

"Akwai mai gyaran famfo a titin Mansur, nan kusa, ranka ya daɗe."

"Wannan gyara ne. Mu mafita muke nema."

Haka tawagar mutum uku ta tashi zuwa Biyetnam da kuɗin walwalarmu, domin nazari. Da suka dawo aka tara mu a tsakar gida, aka riƙa zagayawa da waya muna kallon hotuna. A nan na gane cewa nazarin duka yini ɗaya ne. An kwashe su a ƙaramar mota tare da wasu Turawa 'yan yawon buɗe ido, da safe aka kai su ramukan da mayaƙa suka ɓuya lokacin yaƙi, da rana aka kai su bakin kogi. Sauran kwanakin, in ji Sakatare, sun tafi wajen narkar da abin da aka koya.

Ina da littafi a kan yaƙin nan, yana kanta ta biyu, cikin shuɗin zanen Nuriyya. Mutanen nan da 'yar fartanya da kwando suka haƙa ramukan, bama-bamai na sauka a kansu. A ciki suka yi asibiti, suka yi ɗakin girki, har suka san yadda za su karkatar da hayaƙi kada jirgi ya gani. Mu kuwa magudanar da ba ta wuce tsawon hannu ba ta gagare mu, kuma babu wanda ke jefa mana komai daga sama sai ruwan omo.

Na tambayi Mai Girma ko ya shiga ramin.

"Na shiga mana. Ga hoto."

Hoton ya nuna shi a tsaye cikin bakin rami, daga ƙugu zuwa sama yana waje yana murmushi. Ma'aji ya raɗa mini cewa daga nan bai ƙara gaba ba, kuma sai da Bature biyu suka taimaka kafin ya dawo baya. An ma faɗaɗa ramin ne saboda baƙi.

Sai hoton abinci. Mai Girma ya gyara murya ya ce a bakin ramin an ba su abincin jarumai, wanda ya riƙe mayaƙa shekara da shekaru, wata farar saiwa mai daɗin gaske da ake dangwalawa a dakakkiyar gyaɗa.

Hajiya Batulu, wadda ke sayar da abinci a ƙofar gida, ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido.

"Alhaji, wannan ai rogo ne."

"Ba rogo ba ne, Hajiya. Yana kama da shi dai."

"Rogo ne da ƙuli. Shekaran jiya na kawo maka ka ce kai ba ɗan gudun hijira ba ne."

Aka wuce hoto na gaba. Ga su cikin kwale-kwale, wata tsohuwa na tuƙa su, kowa da malfa mai tsini a ka. Ga Sakatare da mesa a wuya, fuskarsa kamar mai karanta wasiyya. Ga Ma'aji yana cika aljihu da alewar kwakwa. Ban ga magudana ko ɗaya a hotunan ba.

Daga nan Mai Girma ya bayyana sakamakon nazari. Wai babban darasin shi ne, mutanen can ba su cike ramukansu ba, ba su kuma kori ruwansu ba. Sun mai da su abin kallo, duniya na zuwa. Saboda haka ɗakina ba matsala ba ne, albarka ce. Kwamiti zai shirya yawon yini ɗaya ga ƙaramin rukuni: da safe rami, da rana kogi, a tsakiya Hajiya Batulu ta dafa abincin jarumai. Za a fara gwaji da 'yan uwan mazauna gida da suka zo Umara.

Na ce ban yarda ba. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, daidai lokacin da ake raba alewar kwakwa.

Da yamma maƙwabcina Lurwanu, direban bas a Kudai, ya same ni ina ɗaure littattafai a leda.

"Malam, ka bar su su zo."

"Su zo su kalle ni kamar kura a gidan zu?"

"Tun da kake gidan nan, Mai Girma ya taɓa sauka matattakalarka?"

"Bai taɓa ba."

"To gobe zai sauka. Ni dai a aikina na lura, babban mutum ba ya ganin ramin titi sai ranar da ya zauna a kujerar baya."

Wannan shi ne asalin layin da na tarar jiya. Baƙin ba su da yawa: hajiyar nan mai jaka, wasu dattawa biyu daga Maraɗi, da wani ango da amaryarsa da aka ce musu ziyara ce. Mai Girma na gaba da malfarsa mai tsini, da sabon takalmin fata da ya sayo a can, yana ƙyalli kamar an shafa masa man shanu. Ya sunkuya ya shiga, ƙofar ta ɗan riƙe shi, sannan ta yi masa afuwa.

"Jama'a, ku lura da ƙarancin iska. Ku lura da duhu. Wannan kuma," ya nuna ni, "shi ne mazaunin ramin na asali."

Ɗaya daga dattawan Maraɗi ya matso da tausayi. "Bawan Allah, wane yaƙi ka ɓuya wa?"

"Ba a gama shi ba tukuna, Alhaji. Ga kwamandan abokan gaba nan da malfa."

Mai Girma ya yi dariya ya ce mazauna rami suna da barkwanci, haka ma na can. Amarya ta shafa bangon wani littafi ta ce irin atamfar nan kakarta na da ita. Na ce ta ajiye a hankali.

Abin da ban sani ba shi ne shirin da aka yi wa kashi na biyu. Kogi sai da ruwa, kuma Mai Girma ba ya barin abu ga sa'a. Ya sa an tara duk dardumar gidansa, da ta Ma'aji, da labulen Sakatare, an jiƙa su a bene na sama, ɗansa Bandar na jiran umarni. Yana cikin bayanin yadda nake numfashi, sai ya ga lokaci na tafiya, ya ɗaga waya ya ce, "Yalla ya Bandar, fukkil moya." Wato a saki ruwa. A lissafinsa ruwan zai tsaya a tsakar gida ya jira baƙi, kamar yadda muke jiran kwamiti.

Ruwa bai halarci nazarin ba. Ya sauko, ya leƙa magudana don gaisuwa, ya biyo matattakala da kumfarsa.

Ban san lokacin da na fara miƙa littattafai ba. Na ɗora wa ango ƙamus da tarihin Andalus, na cika wa dattawan Maraɗi hannu. Hajiya mai jaka ta zazzage kayanta a kan gado, ta cusa littattafai a jakar, tana cewa, "Miƙo, Baba, miƙo, ai wannan ɗinkin hannu ne." Suka jeru a matattakala, littafi na wucewa daga hannu zuwa hannu har sama, amarya na karɓa tana jerawa a kan teburin rogon Hajiya Batulu. Ban taɓa ganin 'yan yawon buɗe ido masu amfani irin waɗannan ba.

Mai Girma kuwa ya hau kan gadona ya tattare riga. Daga can ya kira Bandar yana cewa a rufe, a rufe, Bandar na amsawa da Larabci cewa darduma ba ta da makunni. Da ya ga ruwa ya kai ƙafar gado, ya yanke shawarar ficewa. Ya sauko, ƙafa ɗaya ta nutse, ta fito babu takalmi. Muka ga takalmin ya juya sau ɗaya a tsakiyar ɗaki, ya bi ƙarƙashin kanta, cikin natsuwa, kamar kwale-kwalen tsohuwar nan.

"Takalmina," in ji shi, da muryar da ban taɓa jin ya yi maganar magudana da ita ba.

Kafin la'asar mai gyaran famfo na Mansur ya iso. Mai Girma da kansa ya kira shi, yana tsaye a kansa da silifas ɗin banɗakina. Mutumin ya zura ƙarfe, ya murɗa, ya jawo. Ƙashi ya fito. Ya sake zurawa, wani ƙashin ya fito, da haƙarƙari, da guntun leda. Ragunan zaɓe ne, tun na farko, kowane wa'adi da nasa. Ya tara su gefe, ya zuba bokiti guda, ruwa ya wuce yana waƙa. Aikin bai kai daɗewar jawabin Mai Girma na ranar zaɓe ba.

Yau littattafan suna kan rufin bene suna shan rana. Na hau na same su a baje, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, sai ka ce Nuriyya ce ta yi wanki ta shanya ta shiga ciki. Na kanta ta biyu duk sun tsira, sai dai littafin yaƙin nan ya kumbura ya ninka girmansa, wanda ya dace da duk abin da ya shafi tafiyar. Nuriyya ta sha gaya mini cewa littattafan nan ba za su taɓa fitar da ni daga ramin nan ba. Gaskiyarta. Amma jiya su sun fita, kuma zan mayar da su busasshen ɗaki, karo na farko tun tana nan.

Kwamiti ya riga ya sanar cewa gyaran magudana shi ne amfanin farko na ziyarar Biyetnam, kuma ba zan musa ba, tunda can aka sayo takalmin.

Ƙwan fitilar matattakalarmu ya mutu tun watan jiya. Ɗazu na ji Sakataren Harkokin Ƙetare yana tambayar Lurwanu ko gaskiya ne akwai ƙasar da rana ba ta faɗuwa.