Yadda Za Ka Ɓoye Wa Oga Cewa Wasan Da Ka Ƙera Ya Fi Ƙarfinka

Kai mai ƙera wa yara wasan waya, bi waɗannan matakai, ba mai gano ka. An gwada su a kan wani da abokan aiki ke kira Injiniya, kuma har yau yana da rai.

1. Samo yaron gwaji a gida

Kada ka ɗauko na maƙwabta, bakinsu ba ya rufuwa. Injiniya 'yar ƙanwarsa ya zaɓa, mai shekara bakwai. Wata huɗu ya yi yana haɗa wasan kwaɗo mai tsallake rafi. Ta gama shi kafin shayinsa ya huce, ta ce, "Kawu, ina na gasken?"

2. Ɗauki fansa

Ƙara kadoji a rafin, rage duwatsun takawa, sa ruwa ya yi gudu. Masana sun tabbatar kukan yaro alamar inganci ce. Ita dai ba ta yi kukan ba, sai ta koma yi da hannu ɗaya.

3. Kada ka gwada da kanka

Injiniya ya gwada. Sau talatin kada na haɗiye kwaɗonsa a rafin farko, ga shi oga ta ce jibi zai buga wasan a babban allo, a gaban kowa.

4. Riƙe rimot marar batir

Zaunar da yarinyar bayan labulen ɗakin taro da rimot mai aiki. Kai kuwa danna naka, ciji leɓe, karkata kafaɗa. Haka Injiniya ya yi, kwaɗo na ta shawagi, ana ta tafi.

5. Iya bakinka

Nan ya zame. Daɗi ya kwashe shi, ya ce ai yara kansu a hankali yake ɗauka, don su ya sauƙaƙa. Ashe yarinyar ta ji. Kwaɗo ya tsaya cak. Ya juya, ya taka a natse, ya shige bakin kada. Sau shida a jere, Injiniya na danna rimot yana zufa.

Oga ta ɗaga labule. Ta tambayi yarinyar ko wasan ya yi wa yara wuya.

"Daidai yake. A dai yi wa su Kawu nasu daban."

Yanzu duk Asabar yarinyar ce ke hawa kujerarsa a ofis, shi yana tsaye yana rubuta gyare-gyare.

Sanarwa: duk wanda asirinsa ya tonu, babu ruwan marubuci. Ya kai ƙara wajen ƙanwarsa, uwar yarinyar, in ta gama dariya.