Yadda Za Ka Faɗa Rijiyar Baba Gaban Suruki Ka Fito da Girmanka

Kai marini, saurara. Dabarar nan an gwada ta a marinar Dutsin-Ma shekarar samun mulkin kai, ranar da Malam Atiku ya taso daga Kurfi don ya ga sana'ar Sodangi kafin ya ba shi 'yarsa Rahamatu. Ka bi ta, na lamunce maka.

1. Ka bar muciya a hanya. Doguwar sandar motsa baba, ka yar da ita tsakanin rijiyoyi, inda ƙasa ke da santsi. Sannan ka taho gaida suruki, ido a ƙasa don kunya, amma ba wajen da ƙafa take ba. Haka Sodangi ya yi. Gaisuwar da ya faro a tudu, a cikin ruwa ya ƙarasa ta.

2. Ban da ihu. Ihu na baƙo ne. Ka ɗago kai a hankali, ka furzar, ka yi shiru kamar mai nazari.

Sabitu, abokin aikinsa, ya leƙo. "Ango, wankan aure tun yanzu?"

"Rufa mana baki. Ba ni hannu."

3. Ka ce da gangan ne. Wanda ya faɗi abin dariya ne, wanda ya shiga kuwa gwani ne. Sodangi ya durƙusa gaban Malam Atiku, shuɗi har kunne, ya ce, "Baba, laka na duba a ƙasa. Ni ba na yarda da sanda, sai ƙafata ta taɓa."

4. Ƙafar da ta gurɗe, ka mai da ita tafiyar ƙasaita. Maɗori sai bayan baƙo ya tafi.

5. Ka karɓi abin da ya biyo baya. Malam Atiku ya shafa gemu ya ce, "Yaro mai kula haka ba ya barin iyali da yunwa. Na ba ka." Maigidan marina, wanda ya ga komai, ya ce, "Ai ni ma yau na san darajarsa. Sodangi, daga yanzu duk rijiyar da za a yashe, kai ne mai shiga, tunda ƙafarka ta fi sanda."

Sodangi ya samu mata, ya samu aikin yasa. Ranar ɗaurin aure ma ba a sha wahalar nuna ango ba, shuɗin bai sake shi ba.

Gargaɗi: ni baki na bayar, ban tura kowa ba. In ka karye, ko surukinka ya zamo tsohon marini ne, kada ka aiko mini da kowa. Ina gona.