Injiniya Ragib Ya Rage wa Motarsa Tsayi

Kowane gari a ƙasar nan tamu ta Bosniya da abin da yake tinƙaho da shi. Wasu gadar dutse, wasu tsohon masallaci, wasu ƙungiyar ƙwallo. Mu a Javorik, Allah Ya azurta mu da Ragib Telalović. Jamus ce ke riƙe mana shi wata goma sha ɗaya, ta ara mana shi a watan Agusta, don kada alherin ya yi mana yawa mu ƙware. Shekara ashirin da shida yana aiki a wata masana'antar motoci a Stuttgart, shi ya sa muke kiransa Injiniya. Wani ɗan baƙin ciki da ya taɓa kai masa ziyara ya dawo yana baza wai aikin Ragib shi ne ɗaga sandar ƙofa idan motoci za su fita. To, ko da gaskiya ne, sai me? Duk motar da ta bar masana'antar nan ta ƙarƙashin hannunsa ta bi.

Idan ya zauna a gidan kofin kusa da kasuwa, mu jahilai sai mu kewaye shi mu sha karatu. "A Jamus," haka yake buɗe kowace magana, yana ɗaga yatsa, "ko ramin titi sai da takardar izini yake fitowa. Ku kuwa nan, komai sai a ce Allah Ya kawo." Mu ce gaskiya ne, Injiniya. Idan ya tashi kuma mu kira shi Bajamushen Agusta, saboda ƙauna.

Abu ɗaya ne duniya ta hana wannan bawan Allah: bai taɓa ɗauko amarya ba. A wurinmu wanda ya tuƙo amarya daga gidan ubanta zuwa gidan miji, sunansa ya zauna ke nan. Bayan shekara arba'in za ka ji tsofaffi na cewa, "Ai wane ne ya kawo uwarka." Sau huɗu ana biki a danginsu ana ba wani. Bara ma wani ɗan saurayi daga Sweden aka ba, don kawai motarsa ta kwanta ƙasa har kwalin sigari ba ya shiga ƙarƙashinta, jama'a suka watse suka bar Injiniya yana tsakiyar bayani a kan yadda Jamusawa ke raba shara. Wannan abu ya ci masa rai shekara guda cur. Bana Eldin, ɗan ƙanensa, zai yi aure, kuma shi ne gwauro na ƙarshe a gidan. Idan wannan ta wuce, babu wata. Sai da Ragib ya yi waya sau tara tun watan Maris kafin uwar ango ta gaji ta ce ya ɗauko.

Ya iso da baƙar motarsa mai sheƙi, da wani kwali a but. Cikin kwalin gajerun sifirin ne guda huɗu, jajaye, waɗanda za su sauke motar ƙasa da faɗin tafin hannu. Ya kai su garejin Zijo makanike, ba don Zijo ya isa ba, sai don babu wani.

Zijo ya leƙa ƙarƙashin motar, ya fito yana sosa ƙeya. "Injiniya, shokar motarka ba irin tamu ba ce. Kowace ƙafa da wayarta da ma'auninta, suna faɗa wa kwamfutar motar tsayinta daga ƙasa, ita kuma ta sassauta shoka ko ta ƙanƙame ta. In na sauke ta haka ban jona na'urata na sanar da ita sabon tsayinta ba, za ta ɗauka saniya ka loda mata. Kuma wannan saukewar ta yi yawa, rabinta ma ya isa."

Ragib ya yi murmushin da babba ke yi wa yaro. "Zijo, ɗan'uwana, kai dai ɗaura. Ƙwaƙwalwar motar nan likitocin ƙarfe ɗari uku suka haɗa ta. Kai da wannan kwamfutar taka da aka ɗaure da salatif za ka koya mata tsayinta? Mota ce da ta san kanta. Da kanta za ta gane."

"To, Allah Ya sa ta gane," in ji Zijo, ya ɗauki sifana.

Kada a zalunci Injiniya a ce bai yi shiri ba. Shirin da ya yi, ko masu yaƙi ba sa yin irinsa. Ƙauyen amarya na can saman dutse, kilomita goma sha ɗaya a kan kwalta. Sau uku ya bi hanyar a ƙafa da sandar awo da littafi. Ya ba kowane rami lamba. Ya cike bakwai da tsakuwa da hannunsa, ya yi wa wani manomi huɗuba har ya ɗaure shanunsa kwana biyu don kada su ɓata kwalta. Na gan shi da idona durƙushe a gaban makarantar firamare yana hararar tudun rage gudu. Wallahi ranar har tausayi ya ba ni.

Ran biki muka jera motoci arba'in, tawul ɗaure a kowane madubi, ana ta hon. Motar Injiniya a gaba, tana jan ciki, tana tsalle a kan abin da ido ma ba ya gani. Amma ta hau. Ya fito a ƙofar gidan amarya yana gyara laktaye, jama'a suka taru suna duƙawa suna leƙen ƙarƙashinta, shi kuma yana kallon nesa kamar bai san ana yi ba.

Wan amarya ya sa ƙanwar tasa, Nejra, a kujerar baya, da rigarta da ta cika rabin motar. Kusa da ita aka zaunar da Goggo Zumreta, yayar kakan ango, mai shekara tamanin da uku, wadda ba a ɗaura wani aure a danginsu ba tare da ta ce ya ɗauru ba. Ragib ya tada mota, ya kunna sigina zuwa dama, wajen kwaltarsa mai lambobi.

"Hagu," in ji Goggo.

"Goggo, hanya tana dama."

"Ta nan muka zo. Ina ka taɓa ganin an mayar da amarya ta hanyar da aka zo ɗaukarta? So kake auren ya koma inda ya fito? Jamus ta cinye maka kai, Ragib. Hagu."

Ashe duk bukukuwan nan Injiniya a zauren cin abinci yake tarar jama'a, bai taɓa bin ayari ba. Kowane yaro a Javorik ya san wannan ƙa'ida. Babu wanda ya gaya masa, don wa zai tsaya gaya wa mutum abin da kowa ya sani? Hagu kuwa tsohuwar hanyar daji ce ta masu sarar itace, tayoyin manyan motoci sun haƙa mata kwari biyu, sun bar tudu a tsakiya.

Motar ta shiga. Kwamfutarta, da tun a garejin Zijo ta yi imani an ɗora mata saniya, yanzu da aka ƙara mutum biyu da riga sai ta yanke ƙauna, ta ƙanƙame shoka huɗun suka zama itace. Kowane dutse sai ya ratsa kujera ya isa haƙoran mutum. Furen amarya ya bar hannunta sau biyu. Sai ga muryar mace daga lasifikar motar tana maimaita wata magana da Jamusanci.

"Me take cewa?" Goggo ta tambaya, tana riƙe da haƙoran robarta.

"Barka take yi wa amarya," in ji Ragib. "Motocin zamani sun san biki. Wannan jijjigar da kuke ji kuwa, sunanta riƙon hanya. A Jamus kuɗi ake biya a same ta."

Nejra, da ta shekara biyu tana koyon Jamusanci don neman aikin jinya, ta ce a hankali, "Baffa, cewa take kaya sun yi yawa, a tsaya a sauke."

Ba a yi nisa ba aka ji ƙuuu, motar ta hau tudun tsakiya ta zauna daram a kan cikinta, tayoyin baya suna juyawa a iska. Motoci talatin da tara suka tsaya a baya. Makaɗin bikin, mai akodiyon, da bai san abin da ke faruwa ba, ya ƙara wa kiɗa wuta.

Maza suka fito, kowa da shawararsa. A tura ta baya. Goggo ta ce motar da ke ɗauke da amarya ba ta ja da baya, ko taku ɗaya. To amarya ta fito. Goggo ta ce ƙafar amarya ba ta taɓa ƙasa sai a ƙofar mijinta. To a ɗauke ta cak a sa ta a wata motar. Goggo ta ce ta san mace biyu da suka canza mota a hanya, dukansu sun canza miji. To a tura gaba da ƙarfi. Nan kuma Ragib ne ya baje hannuwa a gaban motar.

"Babu wanda zai kankare mini cikin mota! Ku ba ta minti biyar. Nazari take yi. Ku ba ku san na'ura mai tunani ba, kun saba da jaki."

Muka ba ta awa ɗaya da rabi. Ba ta gama nazarin ba. Liman na jira a gari, ragunan da aka gasa suna hucewa, ango ya cire kwat ya zauna a kan kututture ya haɗa kai da gwiwa. Ni kaina yunwa ta sa na fara tsanar Jamus gaba ɗayanta.

Can sai ga Hamdo mai jigilar gungume ya ɓullo daga gaba da tsohuwar babbar motarsa, mai ƙugiyar ɗaga itace a baya. Ya leƙo, ya dube mu, ya dubi motar, ya tofar da tsinken bakinsa. "Goggo, sama fa? An hana amarya yin sama?"

Goggo ta bi ƙa'idodinta ɗaya bayan ɗaya. "Sama babu laifi," ta ce.

Hamdo ya juya motarsa a wani fili, aka zura ɗamara huɗu, ƙugiya ta ɗaga baƙar motar da amarya da Goggo da komai, ta dire ta a inda ake jera gungume. An roƙi Injiniya ya fito, ya ƙi. "Ni aka ba amanar amaryar nan," ya faɗa ta taga yana lilo a sama, "kuma ƙwararren direba ba ya sakin sitiyari a tsakiyar aiki."

Bai saki ba kuwa. Haka muka shiga Javorik, Hamdo a ƙasa yana tuƙi da hannu ɗaya, Ragib a sama yana tuƙi da hannu biyu. Duk kwanar da za a sha sai ya kunna sigina ya murza sitiyari. Da aka zo tudun makarantar firamare har birki ya taka. Matan da ke baranda a hawa na biyu suka gaisa da amarya ido da ido, wata ma ta miƙa mata ruwa. Shi kuma yana ɗaga wa jama'a hannu a hankali, irin na manya.

A ƙofar gida aka shimfiɗa darduma, aka kafa tsani, Eldin ya hau ya sauko da matarsa a hannu, aka sauko da Goggo bayanta. Uwar ango ta fito da farar riga sabuwa da tawul mai aikin zare, waɗanda ake rataya wa wanda ya kawo amarya a gaban kowa. Ragib ya gyara laktaye, ya zuro kai ta taga, ya miƙo wuya.

"Goggo, wa ya kawo mini ɗiyata?" uwar ango ta yi tambayar da aka saba.

Goggo ta nuna Hamdo da sandarta. Aka rataya masa, aka yi guɗa, mai akodiyon ya ɓarke.

"Wannan zalunci ne!" Ragib ya yi ihu daga sama. "Kowa ya gani, daga ƙofar ubanta har nan hannuna bai bar sitiyari ba!"

Goggo ta ɗaga kai, ta kare rana da tafin hannu, ta dube shi.

"Yi shiru, ɗan nan," ta ce. "Kai ma kawo ka aka yi."