Ranar da na ari ma'aikata shida

Ba zan taɓa mantawa ba da Talatar da na kusa kashe kamfaninmu da bakina. Ɗan ƙaramin kamfani ne a unguwar Kurudu: masu kuɗin unguwar Maitama su zaɓi kayan lambu ta waya, mu karɓo wurin manoma mu kai musu har gida. Ma'aikatana huɗu, kuma idan ba mu sami mai zuba jari ba, ƙarshen wata sai mu rufe.

Wata Hajiya ta nuna sha'awa. Da ta tambaye ni a waya mutum nawa muka ba aiki, tsoro ya sa na ce goma (ni kaina sai da na waiga neman mai maganar). Ta ce za ta zo ta gani.

Na bi maƙwabta na aro mutum shida, na zaunar da su gaban kwamfutocin aro, uku ma ba sa kamawa. Na ce, "Ku yi ta dannawa, kada wanda ya ɗago kai." Cikinsu har da Baba Bitrus, wanda ya zo da kwat ɗinsa ta coci.

Hajiya ta shigo. Kafin in gama gaisuwa, Baba Bitrus ya yi zumbur ya miƙe, ya rusuna. "Madam, sannu da zuwa!"

Ashe shi ke kula da furannin gidanta.

Ta ce, "Bitrus, ba ka ce min ƙafa na ciwo ba?"

"Madam, ya ɗan yi sauƙi, shi ne Oga ya ce na zo na danna."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga aikin mutum huɗu na jefa a wuta, ga na biyar, na Baba Bitrus, na ƙara.

Hajiya ta ce ma'aikatan gaskiya su tashi. Huɗu suka miƙe. Ta yi musu tambayoyi, ni kuwa ko kallo ban ishe ta ba. A bakin mota ta ce, "Don waɗannan huɗun zan taimaka, ba don kai ba. Bitrus kuma ka ɗauke shi, tunda ka ce ma'aikacinka ne."

Yanzu shi ke tantance mana tumatir. Tun ranar, duk wanda zan zaunar a ofis, sai na fara tambayarsa gidan wa yake aiki.