Ranar da Baba Ya Tarar da Makokinsa

Shekarar da na dawo Dangora daga makarantar 'yan mata ta Kano, na ƙudura sai na rubuta littafi. Baba ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: kada in jawo masa magana a gari.

Ina da ƙa'idar da nake taƙama da ita. Ba na rubuta maganar kowa a labari sai na faɗe ta da bakina, kunnena ya gamsu. Ranar kasuwar Tudun Wada Baba ya tafi sayar da gyaɗa, ni kuwa na kai inda mahaifin yarinyar labarina zai rasu. Na rufe ɗaki, na ɗora hannu a ka, na ƙwalla: "Wayyo Baba! Ka tafi ka bar mu!" Bai yi mini ba. Na sake. Na ukun kam ya fita sosai.

Kafin in ɗauki alƙalami, mata sun cika gidan suna salati. Gwaggo Asabe har birgima. Don tsoro na lafe a ɗaki, ina ji aka tura mai keke garin Yako ya sanar da dangi.

Da la'asar sai ga Baba bisa jakinsa, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida.

"Subhanallahi! Wa ya rasu?"

Liman ya sunkuyar da kai. "Wai kai ne, Malam."

Littafina yana ƙasan akwatin Baba har yau. Gwaggo kuwa, da ta gan ni da takarda sai ta ce, "Malama, yau wa za mu binne? Faɗi da wuri in jiƙa geron gumba."