Yadda Nomau Ya Ɓata wa Likita Bincike

A ƙauyen Tudun Gawo akwai wani mutum Nomau, wanda in ka ce masa ya jira ka a bakin rijiya sai damina ta same shi a can. Gidansa mutum uku ne: shi, da matarsa Lantana mai haƙurin dole, da yayarsa Tabawa. Tun da ciwon damuwa ya kama Tabawa ta shige ɗaki ta daina magana da kowa. Wannan shirun ya fi komai ci wa Nomau rai, don da faɗanta ya girma.

Wata rana ya raka ta asibitin masu taɓin hankali a birni karɓar magani. Likita Safiya ta ce sun fassara wasu tambayoyi na gane halin mutum daga Turanci, suna gwada su a kan marasa lafiya da masu lafiya, su ga ko Hausar ta kama abin da ake nema. Ta sa Nomau a layin masu lafiya, Allah dai Ya yafe mata.

Ta ce, "Malam Nomau, ban da cinta, abin da ka tabbatar kawai za ka faɗa. Kana da saurin fushi?"

Ya ce, "Ban tabbatar ba, Likita. Ina zuwa."

Ya fita ya sami wani ƙato mai sayar da rake a bakin ƙofa, ya roƙe shi ya zage shi. Ƙaton ya ƙi, sai Nomau ya fara zaginsa don ya nuna masa yadda ake yi. Ya dawo da kumburarren kunci ya ce, "Ni ba ni da shi. Amma mai rake yana da shi, ki rubuta masa."

Wata rana kuma aka zo tambayar ko yana jin mutane na maganarsa a bayan idonsa. Ya nemi a ɗaga masa ƙafa, ya koma gida ya shige rumbu ya lafe. Matan unguwa suka zo sussuka, hira ta gangaro kansa. Lantana na cewa awaki biyu ya ɓatar mata bara, sai murya ta fito daga rumbu: "Uku ne!" Mata suka watse da salati, tsohuwa Kande ta bar takalminta, har yau ba ta koma ɗauka ba. Ya je ya shaida wa likita cewa suna yi, sai dai suna rage masa laifi.

Wata rana likita ta gama yi wa Tabawa nata tambayoyin, da kai kawai ta amsa su. Ta ce su dawo bayan sati biyu a maimaita, ana so a ga amsa ta zo iri ɗaya. Nomau ya ji an ce ana so, to shi ke nan. Kullum ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin Tabawa, yana jero mata tambayoyin da ya haddace don kar amsa ta kauce.

"Yaya, kina son shiga taro?"

Shiru.

"Yaya, kina saurin fushi?"

Shiru. Bai gaji ba, shi da bai san gajiya da abin banza ba. Rannan ta jefo shi da ludayi ta ce, "Kai Nomau, ina saurin fushi!" Daga nan faɗa ya buɗe, daga faɗa aka koma hira, har ta fito tsakar gida don ta fi jin daɗin yi masa tsawa. Lantana ta juya baya tana share hawaye.

Da suka koma, amsa ko ɗaya ba ta yi daidai da ta farko ba. Likita ta dafe kai ta ce, "Malam Nomau, ka ɓata mini bincike." Ya sunkuyar da kai don kunya. Ta karanta wa Tabawa tambayar ƙarshe: "Kina jin an yashe ki, babu mai kula da ke?"

Tabawa ta harari ƙanenta ta ce, "Ina fa, Likita! Ki ba ni maganin da zai sa wannan ya bar ni in sha iska."